Wai Waƙa Ma Bincike Ce? Fashin Baƙi Kan Gardamar Da Ta Tashi Daga Jan Biro

Tambayar da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa ran Asabar a majalisarmu ta Tudun Wada ita ce, shin mutum zai iya yin bincike irin na jami'a, wanda ake ba da digiri a kai, ya kuma fito da abun da ya gano a cikin waƙa? Zancen daga gidanmu ya fito. Ƙanwata tana digiri na biyu a fannin zamantakewar al'umma, aikinta a kan mutanen da rikicin shekarar 2000 ya tasa daga unguwanninsu ne a nan Kaduna, sai ta kai wa sufabaizanta babi na huɗu da wasu 'yan baitoci a ciki, malam ya zagaye su da jan biro ya rubuta a gefe wai nan ba filin mawaƙa ba ne. Ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba, ni kuma da bakina ba ya riƙe magana sai na kai ta majalisa.

Nan fa aka rabu biyu. Wani tela da muke zama tare ya ce toh shikenan, ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, sai a ɗauko mai kalangu ya raka ta. Wani kuma mai yawan karance-karance a waya ya ce ai a Turai an wuce wajen, mu ne kullum a baya. Ni a ganina dukkansu sun ɗau zancen a baibai. Kuma abun ya zo a kan gaɓa, don tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, balle bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 da ta kai har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, waƙoƙi sun cika TikTok da WhatsApp, kowa na turawa kowa na cewa wallahi wannan ya faɗi abun da ke raina, amma da an ce irin waɗannan baitocin suna da wuri a aikin ilimi sai a kwashe da dariya.

Wace waƙar, kuma wane binciken?

Kalmar waƙa ɗaya ce a Hausa amma kaya biyu take ɗauke da su. Akwai ta baka irin ta su Shata da Ɗanmaraya mai tafiya da kiɗa, akwai rubutacciya mai baiti da ɗango da amsa-amo wadda malamai suka gina a kan ma'aunin Larabci. Da ka ce waƙa yawancin mutane gidan biki suke tunawa, shi ya sa telan namu ya miƙe sai wajen kalangu.

Shi ma binciken ana cakuɗa abubuwa a cikinsa. Nazarin waƙa, wato a ɗauko waƙar wani a fito da jigo da salo da tsari, wannan ba gardama a kai, sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna ba da digiri a kansa.

Sai ɗaukar waƙa a matsayin shaida. Nan mai bincike ba daɗin waƙar ya dame shi ba, so yake ya ji me mutane suke ciki a lokacin da aka yi ta. Wata masaniya 'yar Amurka, Lila Abu-Lughod, ta zauna da Larabawan ƙauye na Awlad Ali a hamadar yammacin Masar daga 1978 zuwa 1980, ta lura matar da aka saka ko aka yi wa kishiya in ka tambaye ta kai tsaye za ta ce ko a jikinta, amma in tana cikin 'yan uwanta mata sai ta rera wani ɗan gajeren baiti da ke nuna zuciyar a ƙone take. Da maganar baki kaɗai ta rubuta da ta dawo da rabin labari. Duk wanda ya taɓa jin abun da mata ke rerawa a bakin turmi ko wajen niƙa a ƙasar Hausa ya san wannan ba sai an je Masar ba.

Wanda ake rigimar a kai shi ne na ƙarshe, inda shi mai binciken da kansa zai mai da hirar da ya yi da mutane waƙa. Wadda aka fi dangantawa da farfaɗo da shi a jami'o'i ita ce Laurel Richardson, malamar ilimin zamantakewa a jihar Ohayo ta Amurka. A wajajen 1990 ta yi hira da wata mata da ta haihu ba aure, hirar ta haura shafi 30 da aka kwafe ta a takarda, sai ta tace ta zuwa waƙa mai shafi 3, kuma sharaɗin da ta sa wa kanta shi ne duk kalmar da ke ciki daga bakin matar ta fito. Abokan aikinta da yawa sun yi mata ca, irin dai jan biron da ƙanwata ta sha. Zuwa 2007 masu wannan hanyar sun yi yawan da suka fara taron ƙasa da ƙasa nasu a birnin Bankuba na Kanada.

Yadda ake yin sa, in ka matso kusa

Bari in nuna da abun da na gani da idona, don bayani a sama-sama shi ke sa a ɗauka wasa ne.

Ni na kai ƙanwar tawa Rigasa a mashin wajen wata dattijuwa da ta taso daga kudancin gari a 2000. Da farko fom ta ciro, irin mai akwatuna ɗin nan. Kin yi asarar dukiya, eh ko a'a. Tsohuwa ta ce eh. Yanzu kina hulɗa da mabiya wani addini, sosai ko kaɗan ko babu. Ta ce babu. Aka yi 'yar alama a akwati aka wuce. Minti goma an gama fom, kuma in da a nan aka tsaya, wannan baiwar Allah ta zama lamba ɗaya cikin jerin waɗanda za a rubuta cewa sun yanke hulɗa da Kirista bayan rikici, mai karatu kuma ya fassara shi da ƙiyayya.

Sai ƙanwata ta kunna rikodar waya ta ce "Iya, ki ba ni labarin ranar kawai, yadda kike tuna ta." Tsohuwa ta yi shiru har na ɗauka ba za ta yi magana ba, tana ta gyara bakin zaninta, can ta fara. Ta yi kusan awa ɗaya, tana zuwa tana dawowa, ta shiga zancen kuɗin haya ta fita, ta yi faɗa da jikanta da ya zubar da ruwa, ta dawo. Da aka kwafe hirar a takarda sai ƙanwata ta ga akwai wata 'yar jimla da ta maimaita har sau biyar a wurare daban-daban ba tare da ita kanta ta lura ba. A kan wannan jimlar ta gina abun da malam ya zagaye:

Ranar Litinin ce, na ɗora wake.
Ban sauke ba.
Maman Ladi ta ce Hajiya fita ta baya,
ita ta riƙe min 'yar akuyata,
har yau ban koma na karɓa ba.
Ban sauke ba.
Shekara nawa yanzu, ke mai boko ki lissafa,
ni dai in na ɗora wake ba na barin wajen.

Sunan maƙwabciyar an sauya shi, sauran kuwa duk maganar tsohuwar ce, ba a ƙara ko wasali ba. Aikin da aka yi shi ne zaɓe da jerawa da yanke layi a inda ta ja numfashi. Ba amsa-amo, ba kari, in ka kai wa malamin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, zai ce maka wannan zube ne aka kakkarya, kuma ba zan yi musu da shi ba.

Amma dubi abun da ya fito. Matar da fom ya ce ba ta hulɗa da Kirista, ashe Kirista ce ta fitar da ita ta ƙofar baya. "Babu" ɗin da ta faɗa ba ta gaba ba ce, ta nisa ce, gari ne ya rabu, kogi ya shiga tsakani, ita tana Rigasa waccan tana can hayin gada, kuma tsufa da tsoro da kuɗin mota sun hana a haɗu. Wannan sakamakon bincike ne sosai, har ma ya gyara kuskuren da alƙaluman za su haifar. Kuma ba a gano shi ba sai da aka zauna ana sauraron inda murya ke maimaita kanta, wanda shi ne ainihin horon da waƙa ke ba kunne.

Mu fa gadonmu ne

Abun da ya fi ba ni haushi a maganar abokinmu mai cewa Turai ta wuce mu shi ne, a wannan fagen dai mu ne muka manta da kayanmu.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta tafiyar da makarantar matan karkara ta 'Yan Taru, jajis, wato shugabannin matan, suna zuwa su haddace su koma ƙauyuka su koyar. Waƙar Gewaye tata tana bin tafiyar jama'ar Shehu zango-zango, masana tarihi har gobe suna komawa gare ta. Marsiyoyin da ta yi wa mata, har da waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba, su suka ajiye mana sunaye da halayen mutanen da littattafan yaƙi ba su ko kalle su ba.

Matso gida. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau a 1903 Turawa kuma suka tuɓe shi daga baya suka kai shi Lakwaja, a zamaninsa aka ja layin dogo ta ƙasar Zazzau har ya isa Kano a 1911, ya kuma yi Waƙar Diga a kan wannan aikin. Ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna ka buɗe fayilolin wancan zamani, harshen mai mulki za ka ji, mil nawa aka yi, lebura nawa aka kawo, nawa aka kashe. Yadda abun ya kasance a idon wanda aka yi aikin a ƙasarsa, yana sarki amma ba shi da ta cewa, wannan sai a baitoci. Ɗalibin da ya karanta fayil ya bar waƙar ya yi rabin aiki, haka shi ma wanda ya riƙe waƙar ya ƙi shiga ƙurar fayil.

Lokacin da ake ta ja-in-ja kan makomar Arewa gab da siyasar jam'iyyu, Sa'adu Zungur da waƙa ya yi nasa fashin baƙin, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya auna tsarin mulki biyu ya gargaɗi sarakuna, Mudi Sipikin ya ba shi amsa shi ma da waƙa ya ce jumhuriya kawai. Muhawarar siyasa ce cikakkiya, da hujja da misalai daga wasu ƙasashe, a lokacin da masu iya karanta Turanci a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 kuwa abun ya zama ruwan dare, NEPU na yi abokiyar hamayyarta jam'iyyar NPC na ramawa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya tun 1939 tana fitar da waƙoƙin masu karatu. Lokacin yaƙin basasa ma an rubuta waƙoƙin Hausa birjik, har wani Bature, Graham Furniss, ya zauna ya yi nazarinsu don ya ga yadda mutanen Arewa suka fahimci yaƙin. Wato wani ya taso daga Landan ya ɗauki baitocinmu a matsayin hujja, mu kuma muna nan muna tambayar ko sun cancanci shiga babi na huɗu.

Me ya sa in ƙasa ta rikice waƙa ke yawa?

Babban dalili shi ne waƙa ba ta buƙatar takarda. A Rasha zamanin Stalin, wata marubuciyar waƙoƙi mai suna Anna Akhmatova ta yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkukun Leningrad saboda ɗanta da aka kama, baitocin da ta yi a kan matan da ke wannan layin ba ta iya ajiye su a rubuce ba, sai ta rubuta a 'yar takarda aminai su haddace a ƙona. Ba sai mun je nesa ba ma, gidan yarin nan na Kaduna da muke wucewa ta gabansa kullum, a nan aka tsare Wole Soyinka lokacin yaƙin basasa, an kama shi a 1967 ba a sake shi ba sai 1969, mafi yawan zaman shi kaɗai a ɗaki, an hana shi abun rubutu, ya riƙa rubuta waƙoƙi a takardar bayi da tsakanin layukan littattafan da aka samu aka shigar masa. Mutane nawa ne a garin nan suka san haka?

Sai kuma habaici. Rahoto dole ya kama suna, waƙa kuwa tana iya cewa kura ko ungulu ko wani mai babbar riga, kowa ya gane wa ake nufi amma ba wanda zai iya kai ta kotu cikin sauƙi. Bahaushe gwani ne a nan, zambo da habaici da gugar zana duk makaman wanda ba shi da ƙarfi ne.

Akwai wani dalilin da ya shafi Kaduna musamman. Kusan duk rikicin da aka yi an kafa kwamiti, Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, na shari'a a 2000, na bayan zaɓen 2011 da gwamnatin tarayya ta ɗora wa Sheikh Ahmed Lemu. Mutane sun je sun ba da shaida, wasu suna kuka. Rahotannin da Turanci aka rubuta su, aka miƙa wa gwamnati da hoto da tafi, kuma in ka zagaya Rigasa da Sabon Tasha gida-gida da wuya ka samu wanda ya taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa. Wanda ya ba da shaida bai sake jin muryarsa ba. Toh ina zai kai abun da ya rage a cikinsa? Sai wajen mai waƙa. Bayan jirgin soja mara matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, kafin a ji wani bayani mai gamsarwa daga sama, marsiyoyi sun riga sun zagaya wayoyi. Haka in ka shiga coci a kudancin jihar ka saurari abun da zumuntar mata ke rerawa, da Hausa fa, za ka ji lissafin ƙauyukan da aka kai wa hari da zaman makoki da ba ya ƙarewa. Ɓangarorin biyu da harshe ɗaya suke kuka, kowa a ɗakinsa, ba mai jin na wani.

Hujjar masu jan biro

Kar a ɗauka malamin ƙanwata bai san abun da yake yi ba. Da ta koma ta same shi a ofis ya zaunar da ita ya yi mata tambayar da ni ma na kasa amsawa da farko. Ya ce hirar awa ɗaya ce, kin fito da layi takwas, wa ya zaɓa? Ke. Da wani ɗalibin ne mai wata manufa, a cikin wannan hirar dai zai iya tsinto inda tsohuwar ta yi Allah ya isa, ya jera su, ya fito da waƙar gaba zalla, shi ma ya rantse bai ƙara kalma ba. Toh ni mai dubawa ta yaya zan san wanne ne gaskiya?

Wannan magana ce mai nauyi. Gaskiya ne shi ma mai tebur da alƙaluma zaɓe yake yi, shi ya tsara tambayar shi ya yanke akwatunan, amma nasa zaɓen a fili yake ana iya bin sawu. Waƙa kuma tana da wani haɗari na daban, daɗinta. Abu in ya yi daɗin ji mutum ba ya tsayawa tambaya, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi ya ɗauka an tabbatar masa da wani abu, alhali labarin mutum ɗaya ya ji. Tsohuwa ɗaya a Rigasa ba ita ce duk waɗanda aka tasa ba, wata maƙwabcinta ne ya nuna gidanta. In kana son sanin mutum nawa, gida nawa, kashi nawa cikin ɗari, waƙa ba ta da amsa, kuma mai rabon tallafi ko mai tsara inda za a gina makaranta lamba yake buƙata.

In kuma aka ce sai an bi ƙa'idar rubutacciyar waƙa sosai, a nan ma wata matsalar ce, don amsa-amo azzalumi ne, zai sa ka sauya kalmar mutum don baiti ya faɗa daidai, daga nan ka fara sa masa magana a baki. Shi ya sa masu wannan hanyar da yawa suke haƙura da shi.

Inda na rabu da masu jan biro shi ne, duk waɗannan dalilai ne na a sa sharaɗi, ba su kai na a hana ba. A ajiye rikodin, a sa cikakkiyar hirar a rataye, kowane layi a nuna daga minti na nawa aka ɗauko shi, mai bincike ya faɗi abun da ya bari da dalilin barinsa, a jera waƙar kusa da alƙaluman kowa ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Sannan a haye gada. Aikin da ya ji matan Rigasa bai ji waɗanda suka bar Tudun Wada suka koma unguwannin Narayi ko Television ba, ko da zinare aka rubuta shi, ɓangare ɗaya ne.

Waƙar kwangila

Ga inda mutanen majalisa suke da gaskiya ba tare da sun sani ba. Abun da ya zubar da mutuncin waƙa a idon jama'a a matsayin shaida shi ne siyasar yanzu, inda mawaƙi zai wasa ɗan takara bana ya zage shi baɗi, gwargwadon wanda ya ba da mota. Wanda ya tashi yana ganin haka dole ya yi dariya in an ce masa waƙa hujja ce. Sai dai ko ita waƙar kwangilar shaida ce in ka san tambayar da za ka yi mata. Ba za ta gaya maka ko gwamna ya yi aiki ba, amma za ta gaya maka wa ke da kuɗi a lokacin, da abun da 'yan siyasa suka ɗauka talaka na son ji, da irin zagin da ake ganin zai karɓu.

Kuma waƙa tana iya zama fetur. A Ruwanda kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 a 2008, hukuncin a kan kiran kisa da ya yi ta lasifika ne, amma kotun ta ce waƙoƙinsa sun rura ƙiyayya. A garin da ya ga abun da Kaduna ta gani, wannan ba labarin nesa ba ne, baitin da ya sa wani kuka shi zai iya sa wani ya ɗau gora.

Talaka fa, me zai samu, me zai rasa?

Mutanen unguwanninmu sun gaji da masu fom. Ɗalibai, ƙungiyoyin agaji, 'yan jarida, kowa ya zo ya yi tambaya ya tafi, ba a sake ganinsa, har wasu sun haddace amsar da ake so su bayar. Kundin digiri mai shafi 200 da Turanci yana can a kanta yana shan ƙura, wadda aka yi hira da ita ko an kawo mata ba abun da za ta yi da shi. Waƙa mai layi takwas da Hausa kuwa ana iya karanta mata a tsakar gida, ta ce haka ne ko ba haka ba ne. A wajena wannan ne babban amfanin, karon farko wanda aka bincika ya samu damar duba aikin mai bincike. Ana kuma iya karanta ta a rediyo, a aji, ko a zaman sulhu inda in aka fara karanto alƙaluman gawa kowane ɓangare sai ya ce an rage nasa.

Asarar kuma ita ce tonon asiri. Lamba ba ta da fuska, amma salon maganar mutum kamar zanen yatsa ne, ko an sauya suna 'yan unguwa za su gane wace ce, kuma abun da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Ga batun haƙƙi, in baitin ya yi suna aka gayyaci mai bincike taro a otal ana tafa masa, ita mai maganar me ta samu? Ga kuma tayar da mikin da ya fara warkewa don kawai wani na neman layi mai daɗi.

Ƙanwata dai sun daidaita da malam a kan baitocin su zauna, da sharaɗin cikakkiyar hirar tana rataye kuma ta je ta yi irin wannan aikin a hayin gada. Kafin ta mayar da babin ta ce in sake kai ta Rigasa ta karanta wa tsohuwar. Muka same ta tana tsince shinkafa a faranti. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba, sannan ta ce a sake karantawa. Da aka zo wajen akuya sai ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, cire wannan."

"Iya, ai nan ne ya fi nuna kirkin da ta yi miki."

"Na sani. Amma in ta ji za ta ce bashi nake bin ta. Matar da ta fitar da ni da raina zan tsaya ina mata lissafin akuya a takarda? Cire."

A hanyar dawowa ƙanwata na bayan mashin tana ta mita wai layin da ya fi kowanne kyau ne aka ce ta cire, ko dai ta bar shi tunda an riga an sauya suna. Muna tsaye a cunkoson Bakin Ruwa ta ciro biro ta soke layi biyun a kan cinyarta. Shida ne suka tafi wajen malam.